Nomau da Baran Yumɓu na Sarkin Masar

Da sunan Allah nake farawa, Mai ba ƙato ƙarfi, Mai ba mai dabara inuwa. Ku matso, ku miƙe ƙafa, wanda ke da aiki a hannu ya ajiye shi tukuna. Ni ne Nomau ɗan Barmo na Rafin Gawo, wanda ya keta rairayi, ya ƙetare kogi, ya shiga kabarin sarki ya fito da ƙafarsa, duk don kada ya duƙa a gonar ubansa.

An haife ni ana tsakiyar noma, kuma ina jin gajiyar da na tarar a gidanmu ran nan ce ta shige ni ta ƙi fita. Mutanen garinmu suna ce mini rago. Ni ban yarda ba. Mutum ne ni mai tunani, tunani kuwa ba ya yiwuwa a tsaye cikin rana. Akwai wata tsamiya a bakin gonarmu, a jikinta nake jingina har bayana ya yi wa ɓawonta santsi. In an yi gayya, ni ne na farko in an kira fura, in aka kira fartanya kuwa sai cikina ya murɗa. Da yake ban taɓa yi wa kowa ba, ranar tamu ma babu mai zuwa.

Da mahaifina ya rasu sai Inna ta ɗauki garmarsa. Baffa Jatau, ƙanen mahaifina, mai 'ya'ya maza cike da gida, ya kai ƙara wurin dagaci wai gona tana neman komawa saura. Dagaci ya yanke cewa muddin Inna na iya noma ta, tata ce. Daminar da ta kasa, in ba a ga ɗanta duƙe a ciki ba, ta zama ta Jatau.

Inna ta same ni a gindin tsamiya ta ce, “Nomau, gonar nan ubanka ne ya sare ta da hannunsa. Ba na so in ƙare ina miƙa ƙwarya a ƙofar Jatau.”

Na ce, “Inna, kwantar da hankalinki. Ina tunani.”

Ta ce, “Tunanin nan naka da ana shuka shi, da tuni mun ƙara rumbu.”

Ana nan sai wani madugu mai suna Cindo ya sauka a kasuwarmu, ya zauna yana ba da labarin ƙasar Masar. Ya ce sarakunanta na dauri ba a rufe su da farin ƙyalle kaɗai kamar mu. Ana fafe dutse a yi musu gida, a zuba zinariya da gadaje da abinci. Duk wannan bai motsa ni ba. Sai da ya ce ana kuma jera musu wasu 'yan mutum-mutumi na yumɓu da ake kira Masu-Amsa, kowane da fartanyarsa, don in an kira sarki aiki a can inda ya tafi, su ce “Ga ni” su yi a madadinsa. Ban san lokacin da na miƙe zaune ba. Mutanen kasuwa suka yi mamaki, don sun daɗe ba su ga na yi abu da sauri ba.

Na gaya wa Inna zan je in ɗebo mana barorin da ba sa ci ba sa gajiya. Ta dube ni, sannan ta ƙulla mini guzurin ƙuli-ƙuli da garin gero. A bakin ƙofa ta ce, “In ka shiga baƙon wuri ka ji kira, kada ka yi gaggawar amsawa.”

Na yi dariya na ce, “Haba Inna, ni da ko ke kika kira sai kin gaji?”

Ba ta yi dariya ba. Ta saɓa garma ta nufi gona, ni kuma na bi ayarin Madugu Cindo muka yi gabas.

Kafin mu bar ƙasar Hausa na gane tafiya ma aiki ce. Na naɗe ƙafata da tsumma na ce kurkunu ya fito mini, aka ɗora ni kan raƙumi tsakanin buhunan fata. A haka na wuce Birnin Gishiri, inda katangu da masallatai duk na gishiri ne, har sarkinsu ya naɗa dogarai na musamman don korar awaki masu lasar fada. A haka na wuce Kwarin Iska, inda mutane ke ɗaure rawaninsu da igiya a haɓa. Da na isa Masar a kan raƙumin nan, ba don wani wanzami da ke cikin ayarin ya tausaya mini ba. Ya sa askarsa a wuta har ta yi ja, ya ce in miƙo ƙafa. Nan take Allah ya kawo sauƙi. Na diro na yi tsalle a gabansa don ya tabbata, sauran hanyar kuwa da ƙafa na ƙarasa ta, ina tsine wa masu tausayi.

Muka rabu da ayari a bakin babban kogin Masar, wanda kadoji ke kwance a gaɓarsa baki buɗe. Kaburburan sarakuna suna can ƙetare, wajen faɗuwar rana. Mai fiton wurin wani tsoho ne da Allah ya halitta da fuskarsa tana kallon bayansa. Ya ce ba ya karɓar ladan fito, amma duk wanda ya shiga jirginsa sai ya yi tuƙi. Na duba na ga shi a ƙarshen jirgi yake zama, idonsa na kan gaɓar da muka baro. Sai na zauna a gaba, na ajiye filafilin tuƙin, na tuɓe takalmina ina bugun ruwa da shi ina nishi.

Tsohon ya ce, “Madalla da saurayi. Na daɗe ban ji mai ƙwazo irinka ba.”

Na ce, “Baba, haka muke a gidanmu.”

Tun da gefe ɗaya kaɗai ake tuƙi, jirgin ya yi ta juyawa, ruwa ya ja mu can ƙasa, ya watsar da mu a gindin wani jan dutse da babu mai zuwa. Tsohon na salati yana neman inda yake, ni kuwa na hango wani rami da dila ya tona a jikin dutsen, iska mai ƙanshin turare tana fitowa daga ciki.

Da hantsi na shiga, da rarrafe, ina riƙe da 'yar fitilar man gyaɗa. Ramin ya kai ni wani dogon soro mai zane a bango. Na ɗaga fitila, me zan gani? Mutane ne a jere suna huɗa, suna girbi, suna sussuka. Na kau da kai na yi a'uzubillahi, na ce ashe har nan abin ya biyo ni.

Ɗakin da ke gaba kuwa, jama'a, bakina ba zai iya ba. Ga karusa ta zinariya an kwance ƙafafunta an jingine. Ga gadaje masu kan zaki, ga kujera da aka yi wa ado da duwatsu shuɗi da ja, ga mafitai na gashin jimina, ga takalma na zinariya waɗanda ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Ga ƙananan jirage da matuƙansu, ga agwagi busassu a cikin akwatuna, ga gurasa ta ƙandare. Na ga laya an sassaƙa ta da siffar buzuzu, wannan dai mai mirgina kashin shanu, an ɗaure ta da sarƙar zinariya. Na ce lallai kowace ƙasa da irin nata manyan. A kusurwa akwai tuluna huɗu na farin dutse, murfin ɗaya kan mutum, ɗaya kan biri, ɗaya kan shaho, ɗaya kan dila. Na ɗauka zuma ce. Na buɗe na zura hannu har gwiwa, na fito da hantar sarki a bushe, naɗe da tsumma. Na mayar masa da abarsa na ba shi haƙuri.

A tsakiya akwai akwatin gawa, cikinsa wani akwati, cikin wannan ma wani, duk a buɗe, babu kowa ciki sai wata fuska ta zinariya mai dogon gemu kitsattse. Na sa hannu biyu na ɗaga ta. Na tuna rairayin da ke tsakanina da gida, na tuna babu sauran raƙumi, na mayar da ita a hankali. Mutane sun sha tambayata yadda na ga dukiya haka na bar ta, wasu har suna cewa tsoron Allah ne. Nakan bar su a haka. Gaskiyar magana zinariya nauyi gare ta.

Sai can na gan su. Akwatuna ne jere a bango, cike da Masu-Amsa, shuɗi masu ƙyalli, kowane bai wuce tsawon tafin hannu ba. Hannayensu harɗe a ƙirji, fartanya a dama, kwando rataye a baya. Daɗi ya kama ni har na yi musu sallama. Na kwance rawanina na shimfiɗa na fara zaɓen masu faɗin kafaɗa.

Ina cikin haka sai wata ƙofa da na ɗauka zane ce a bango ta buɗe. Haske ya shigo, da ƙanshin ɗanyar ƙasa. Wani dogo ya sunkuyo, jikinsa na mutum, kansa na dila, bulala a hannu, bayansa wasu na ɗauke da manyan kwanduna a rufe. Ya ɗaga murya ya ce, “Rabo ya zo! Wa ke nan?”

To, ku yi mini adalci. A garinmu in jama'a sun taru da fartanyoyi aka shigo da abu a rufe aka yi kira, kowa ya san fura ce ake fara rabawa. Ga yunwa, ga ƙuli-ƙulin Inna ya ƙare tun a Kwarin Iska. Kafin ko ɗaya cikin 'yan yumɓun nan ya motsa, na yi wuf na ce, “Ga ni!”

Mai-Kan-Dila ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ban taɓa ganin mai ɗoki irin wannan ba.” Ya buɗe kwando ya miƙo mini. Babu komai ciki sai fartanya. Rabon aiki ake yi.

Ta ƙofar nan aka tura mu wata ƙasa mai faɗi, inda alkama ta fi mutum tsawo, rana kuma a cikin jirgi take wucewa ta sama. 'Yan yumɓun suka miƙe suka zama ƙatti. Aikinmu noma gonakin sarki da yashe magudanan ruwa, in an gama kuma a kwashi rairayi daga gaɓar gabas a kai gaɓar yamma. In ya taru a yamma, sai iska ta mayar da shi. Na tambayi na kusa da ni amfanin wannan, ya ce shi yumɓu ne, ba a yi shi da tambaya ba. Na gwada kurkunu, Mai-Kan-Dila ya ce a ƙasarsu sun saba cire wa mutum hanji su adana, ƙafa ba za ta ba su wuya ba. Na gwada murɗawar ciki, ya nuna mini tulu. Mafi muni shi ne, wanda ya amsa kiran nan sau ɗaya, bakinsa ya daina shawara da shi. Da an yi kira sai in ji “Ga ni” ta fita, hannuna ya riga ya kama ƙota.

Tafukana suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Ban san tsawon zamana a can ba. Abin da na sani, duk sa'ad da kogin ya cika ya yi ja ya malalo gonaki, wani tsohon Mai-Amsa yakan ce ruwan sama ne na ƙasashen baƙaƙe ya iso. Sai in san damina ta sauka a Rafin Gawo, in ga Inna a zuciyata duƙe ita kaɗai, Baffa Jatau yana leƙe ta kan shinge yana duban bayanta. Ba na ɓoye muku, na yi kuka a gonar sarkin nan, hawaye na zuba fartanya na tafiya.

Wata rana aka ce sarki zai fito duba gona. Aka kawo shi kwance bisa gado, barori na ɗauke da shi, naɗe da ƙyallaye tun daga wuya har ƙafa, fuskar zinariyar nan a kansa. Ana yi masa fifita, wani ma na ɗaga masa hannu in zai yi nuni. Sanƙira, mai yi masa kirari, ya fara jero sunayensa. Suna ne kamar igiyar rijiya, ana ja ba ya ƙarewa. Tunda na zo ƙasar ban taɓa samun hutu irin wannan ba, sai na dogara da fartanya na yi barcina a tsaye. Hammar sarki ce ta tashe ni.

Na dube shi, ƙauna ta kama ni. Ga mutumin da ya tara ƙasa guda ta fafe dutse, ta narka zinariya, ta gasa yumɓu, duk don kada a ce masa tashi ko bayan ya mutu. Ni da nake ganin na iya, ashe ko ɗan koyo ban kai ba. Nan take kuma na san abin da yake tsoro, don na san abin da nake tsoro.

Na faɗi na yi gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe.” Sai na tuna ran ya riga ya yi gaba, na gyara na ce, “Allah ya ƙara maka hutu. Ni ba yumɓu ba ne, baƙo ne daga ƙasar Hausa. An yi kira na amsa, na yi maka gayya. A al'adarmu wanda aka yi wa gayya, ranar ta mai yi masa sai ya saɓo fartanyarsa ya zo da kansa. Gonata na can Rafin Gawo, akwai ƙaya kaɗan da tsakuwa. Yaushe zan sa ido?”

Masu fifita suka dakata. Fuskar zinariya ba ta motsi, amma muryar da ta fito ta bayanta rawa take yi. Ya ce, “Ni? Fartanya?”

Mai-Kan-Dila ya ce a ƙasarsu ba a watsar da ƙara sai an auna ta. Aka kawo ma'auni, aka sa gashin jimina guda a gefe ɗaya, aka ce in ɗora tafin hannuna a ɗayan in maimaita. Ya tambaye ni, “Haka al'adarku take?” Na ce haka take. Ma'aunin ya tsaya daidai. Ba su tambaye ni ko ni ina bin al'adar ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita shari'a ba.

Sarki ya ce a yi maza a ba ni Mai-Amsa guda, mafi ƙarfi, a fitar da ni kafin in tuno wata al'adar. Ya ce, “Ka tsaya a bakin gonarka ka kira ni da cikakken sunana, wannan zai amsa a madadina.”

Sanƙira ya matso ya ce, “Baƙo, ka dai riƙe sunan? Ko in sake jero maka daga farko?”

Na tuna tsawon abin, ga ƙofa a buɗe tana jirana. Na ce, “Haba, na riƙe shi sarai.”

Ina fita ƙofar Mai-Amsan ya koma ɗan yumɓu, na ƙulle shi a rawani. Dawowata ba ta da daɗin labari, tafiya ce kawai. Na iso Rafin Gawo da safe, ruwan shuka ya sauka, ƙasa tana ƙanshi. Ban biya gida ba, na miƙe gona. Na tarar da taro. Ga dagaci, ga Baffa Jatau da 'ya'yansa kowane da garma a kafaɗa. Ga Inna dogare da sanda, ta ƙanƙance, bayanta ya lanƙwashe har sai ta karkata kai kafin ta ga fuskata. Garmar mahaifina na yashe a gabanta.

Baffa ya ce, “A'a, mai tunani ne? Sannu da zuwa. Ka zo daidai, sai ka yi shaida.”

Na ce kowa ya ja da baya. Na kwance rawani na fito da ɗan yumɓuna, na kafa shi a bakin gona yana fuskantar aiki. Na gyara murya, na buɗe baki. Babu komai a kaina sai hamma.

Na ce, “Ya Sarkin Masar!” Shiru. Na ce, “Mai fuskar zinariya! Mai hanta a tulu! Angon buzuzu!” Ɗan yumɓu na tsaye, hannu harɗe a ƙirji, yana kallona da ɗan murmushinsa. Na durƙusa na raɗa masa cewa ai mun san juna, tare muka kwashi rairayi. Ko gezau. 'Ya'yan Baffa suka fara dariya, har dagaci ya rufe baki da hannun riga. Sannan ya ce, “To, Inna, kin dai gani. Ba ni da yadda zan yi.”

Inna ta dubi garmar da ke gabanta. Ta saki sandar, ta sunkuya ta kama ƙotar garma da hannu biyu. Ta ja, garmar ta ɗago kaɗan ta koma. Ta sake ja. Dariyar ta ɗauke. Ba ta ɗago kai ba, kuma ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran wanda ta san ba zai zo ba, ta ce, “Nomau.”

Na ji “Ga ni” ta fita.

Har yau ina cewa sihirin Masar ne, kuma duk wanda ya ce ba shi ba ne mu je gaban alƙali. Garmar ta shiga ƙasa, na bi ta. Wanda ya yi wa sarki noma a ƙarƙashin bulalar dila, gonar Barmo ba za ta tsaya masa ba. Ban ɗago ba sai da na kai ƙarshen gona na juyo. Baffa da 'ya'yansa sun kama hanya, dagaci yana kaɗa kai. Inna na zaune a ƙasa inda na bar ta, ta rufe fuska da gefen zanenta.

Tun daga ran nan sunana ya ɓaci a garin nan. Ko'ina ana cewa Nomau gwanin noma, duk mai gayya ni yake fara kira, bakina kuma ba ya shawara da ni. Sunan sarkin kuwa kullum ina ƙoƙarin tunowa, ina jin da harafi mai kauri ya fara.

In kuna son ganin dukiyar da na ɗauko daga kabarin sarakuna, ku biyo ta gonarmu da hantsi. Inna ce ke fitowa da ɗan yumɓun kullum, ta goge masa ƙura, ta jingina shi a jikin tsamiya, daidai inda bayana ya yi santsi, ta zauna kusa da shi. Nan za ku same su su biyu a inuwa, hannu harɗe, suna kallona. Hikayata ta tsaya nan, ku tashi ku ba ni wuri, na ji kamar ana kira.